Henri de Joyeuse: Basaraken da Ya Ajiye Takobi Sau Biyu

Mun saba kawo muku a wannan shafi tarihin waliyyai da shahidai, waɗanda Ikilisiya ta tabbatar da tsarkin rayuwarsu. Mutumin da za mu ba da labarinsa a wannan fitowa ba ya cikin jerinsu, ba a kuwa keɓe masa ranar idi ba. Basarake ne na ƙasar Faransa, soja, sa'an nan firist. Ya bar fadar sarki ya shiga gidan zuhudu, ya fito daga gidan zuhudu ya ja rundunar yaƙi, a ƙarshe ya koma inda ya fito, ya mutu cikin rigar talauci. Sunansa Henri de Joyeuse, amma 'yan'uwansa na zuhudu sun san shi da suna Fada Ange. Mun zaɓe shi domin yawancinmu mun fi kama da shi fiye da yadda muke kama da waliyyai: mun yi wa Allah alkawari da zuciya ɗaya, sa'an nan duniya ta zo da hujjoji masu kyau ta karɓe mu.

Ƙasar da aka haife shi a ciki

An haifi Henri a shekara ta 1563, shekara guda bayan ɓarkewar yaƙin addini a Faransa. A ranar 1 ga Maris, 1562, sojojin wani babban basarake Katolika, Duc na Guise, suka karkashe 'yan Furotesta da suke sujada a garin Wassy. Daga nan wuta ta kama. Yaƙi takwas aka yi cikin shekara 36, tsakanin Katolika da 'yan Furotesta masu bin koyarwar Kalbin, waɗanda ake kira Hugeno. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa mutanen da takobi da yunwa da annoba suka ci a wannan zamani sun kai miliyan 2 zuwa miliyan 4.

Henri yana ɗan shekara tara ba cikakku ba aka yi kisan ranar Waliyi Bartalamawus, 24 ga Agusta, 1572, inda Katolika suka hallaka dubban Hugeno a Paris da waɗansu garuruwa. Ba za mu ɓoye wannan ba, gama Ikilisiya ma ba ta ɓoye shi ba. A ranar 23 ga Agusta, 1997, a gaban taron matasan duniya a Paris, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya tuna da wannan kisa, ya kuma amsa cewa Kirista sun aikata abin da Bishara ta haramta. Su ma Hugeno sun karkashe firistoci sun rushe majami'u a inda suka sami iko. Kowane ɓangare yana da gawarwakin da yake ƙidayawa, kowanne kuma yana ganin Allah yana gefensa.

Gidan Joyeuse

Mahaifinsa, Guillaume de Joyeuse, shi ne mataimakin sarki a lardin Languedoc da ke kudancin ƙasar, daga baya kuma ya zama Mashal na Faransa, wato ɗaya daga cikin manyan hafsoshin sarki. Mahaifiyarsa, Marie de Batarnay, mace ce da aka sani da ibada. 'Ya'ya maza bakwai suka haifa, Henri ne na uku.

A zamanin Sarki Henri na Uku arzikin gidan ya bunƙasa ƙwarai. Babban wansu, Anne, ya zama na hannun daman sarki. A 1581 aka ba shi sarautar Duc, wadda take ƙololuwar sarautun fada, aka kuma aura masa ƙanwar sarauniya. Na biyu, François, ya zama Kadinal a 1583 yana ɗan shekara 21. Shi kuwa Henri, wanda yake riƙe da sarautar Bouchage, ya yi karatu a makarantar Navarre ta Paris, ya zama mai kula da tufafin sarki, muƙamin da yake sa mutum kusa da sarki safe da yamma, aka kuma ba shi mulkin lardin Anjou. A watan Nuwamba na 1581 ya auri Catherine de La Valette, 'yar'uwar wani babban na hannun daman sarki, Duc na Épernon. A 1585 Allah ya ba su 'ya mace, Henriette Catherine.

Duk abin da saurayi zai yi buri, Henri ya samu tun bai kai shekara 25 ba. Amma waɗanda suka rubuta tarihinsa sun nuna cewa shi da matarsa sun kasance masu addu'a da taimakon matalauta a tsakiyar fadar da ta yi suna wajen almubazzaranci. Tun a lokacin zuciyarsa ta karkata ga 'yan Kafucin, wani reshe na iyalin Waliyi Faransis na Asisi da aka kafa a Italiya a 1528. Bai daɗe da isowa Faransa ba. Mutane ne masu sa riga mai kaushi, su ɗaura igiya a ƙugu, su yi tafiya a ƙasa, su ci abin da aka ba su sadaka, su kuma yi jinyar masu annoba sa'ad da kowa yake gudu.

Ajiyewa ta fari

A watan Agusta na 1587 Catherine ta rasu tana cikin ƙuruciyarta. Wata guda bai cika ba, ranar 4 ga Satumba, Henri ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan 'yan Kafucin da ke titin Saint-Honoré a Paris, ya tuɓe kayan fada, ya karɓi rigar zuhudu da sunan Ange, wato mala'ika. Yana da shekara 24 ba 'yan kwanaki. Sarki ya yi baƙin ciki matuƙa, ya yi ƙoƙarin sa shi ya sāke shawara, amma bai yi nasara ba. 'Yarsa, wadda ba ta kai shekara uku ba, ya bar ta a hannun mahaifiyarsa. Wannan abu ne da zai yi wa iyaye da yawa a cikinmu nauyi a zuciya, ba kuwa laifi ba ne in ya yi mana nauyi.

Mako bakwai bai cika ba sai ga mugun labari. A ranar 20 ga Oktoba, a filin yaƙin Coutras, rundunar sarki ta sha kashi a hannun Henri na Navarre, shugaban Hugeno. Anne, wanda ya ja rundunar, ya mutu a wurin tare da autansu Claude. Cikin wata uku Ange ya rasa mata, da wa, da ƙane. Da bai shiga gidan zuhudu ba, mai yiwuwa da shi ma yana cikin waɗanda suka kwanta a Coutras.

Hanyar Chartres

Katangar gidan zuhudu ba ta raba shi da rikicin ƙasa ba. Sarki Henri na Uku ba shi da ɗa, ƙanensa kuwa ya mutu a 1584, saboda haka magajin gadon sarauta shi ne Henri na Navarre ɗin nan, ɗan Furotesta. Katolika masu zafin ra'ayi suka kafa Ƙungiyar Ƙawance a ƙarƙashin gidan Guise, da taimakon kuɗin Sifen, suka rantse ba za su bari ya hau gado ba. Ta haka yaƙin ya zama na kusurwa uku, Katolika suka fara zare wa Katolika takobi.

A watan Mayu na 1588 mutanen Paris suka tayar wa sarki, suka toshe tituna, sarki ya gudu zuwa Chartres, tafiyar kusan kilomita 90. Sai aka shirya jerin gwanon masu tuba daga Paris zuwa can domin a lallashe shi. Ange ne a gaba, da rawanin ƙaya a kansa, da gicciye a kafaɗa, ana kwaikwayon tafiyar Ubangijinmu zuwa Kalfari. Babu dalilin shakkar kyakkyawar niyyarsa, amma a cikin ayarin akwai 'yan Ƙawance da suka zo da tasu manufa. Sarki bai ji daɗin abin ba, bai kuwa sāke shiga Paris ba har mutuwarsa. Wannan ne karo na farko da masu neman mulki suka yi amfani da ibadar Ange, ba shi ne na ƙarshe ba.

A watan Disamba na wannan shekara sarki ya sa aka kashe Duc na Guise da ƙanensa Kadinal a Blois. A watan Agusta na 1589 wani ɗan zuhudu, Jacques Clément, ya soki sarki da wuƙa ya mutu. Henri na Navarre ya zama Sarki Henri na Huɗu a bisa gādo, amma Paris da manyan garuruwa da yawa suka rufe masa ƙofa. A waɗannan shekaru Ange ya ɗauki alkawaransa na talauci da tsabtar rai da biyayya, aka keɓe shi firist, ya yi zama a Italiya, sa'an nan aka mai da shi kudancin Faransa.

Kiran Toulouse

Birnin Toulouse shi ne cibiyar 'yan Ƙawance a kudu. Domin mu gane irin zafin da garin ya ɗauka, sai mu tuna da Jean-Étienne Duranti, shugaban babbar kotun birnin. Katolika ne mai himma, wanda ya taimaka aka kawo 'yan Kafucin garin. Amma saboda ya ƙi juya wa sarki baya, taron jama'a suka kashe shi a watan Fabrairu na 1589, suka ja gawarsa a titi. Sa'ad da ƙiyayya ta sa rigar addini, ba ta tsayawa a kan waɗanda ta kira abokan gaba, sai ta juyo cikin gida.

Mai jan rundunar Ƙawance a Languedoc shi ne Scipion, ƙanen Ange. A watan Oktoba na 1592 aka ci shi da yaƙi a Villemur, ya nutse a kogin Tarn sa'ad da rundunarsa take gudu. Mahaifinsu ya riga ya rasu a farkon wannan shekara. Cikin 'ya'ya maza bakwai saura biyu, dukansu kuwa firistoci: Kadinal François, Akbishop na Toulouse, da Fada Ange.

Manyan gari da sarakuna da malaman addini suka taru a kansa. Suka nuna masa cewa sojoji ba za su bi kowa ba sai ɗan gidan Joyeuse, cewa idan ya ƙi, birnin zai fāɗi, bangaskiyar Katolika kuwa za ta shiga hatsari a lardin duka, alhakin kuma yana wuyansa. Malaman tauhidi suka zauna suka yanke cewa ya halatta, har ma ya wajaba, ya tuɓe rigar zuhudu. Da fari ya ƙi, daga baya ya yarda, tun izini bai iso daga Roma ba. Sai a 1594 Paparoma Kilemen na Takwas ya daidaita al'amarin, ya mai da shi cikin ƙungiyar Jaruman Malta, waɗanda suke haɗa alkawarin addini da aikin soja. Fada Ange ya zama Duc na Joyeuse.

Ya kamata mu lura da kyau a nan. Ba giya ko mata ko kuɗi ne suka fitar da shi daga gidan zuhudu ba. Mutanen kirki ne, da hujjojin addini, da maganar hakkin dangi da na gari. Jarabar da ta fi wuyar ganewa ita ce wadda ta zo da sunan Allah a bakinta.

Gaskiya ta sa mu faɗi alherinsa. Kafin shekarar 1592 ta ƙare ya ƙulla yarjejeniyar dakatar da yaƙi da Duc na Montmorency, mai riƙe da lardin a madadin sarki, manoma suka sami sararin komawa gonakinsu. Gaskiya kuma ta sa mu faɗi kuskurensa. A ranar 25 ga Yuli, 1593, Henri na Huɗu ya karɓi bangaskiyar Katolika a Saint-Denis. Aka naɗa shi a Chartres a watan Fabrairu na 1594, Paris ta buɗe masa ƙofa a watan Maris. Dalilin da aka ba Ange na ɗaukar takobi ya fara rushewa, amma bai ajiye ba. Hujjarsa ita ce Paparoma bai riga ya yafe wa sarki ba. A watan Afrilu na 1595 ya danne Toulouse da ƙarfin soja, alƙalan da suke son sulhu suka bar garin zuwa Castelsarrasin, yaƙi kuma ya sāke tashi a lardin. Mutane suka mutu a wannan shekara saboda gardamar da ta kusa ƙarewa.

A watan Satumba na 1595 Paparoma ya yafe wa sarki. A watan Janairu na 1596, bisa yarjejeniyar Folembray, Joyeuse ya yi mubaya'a ga mutumin da 'yan'uwansa biyu suka mutu suna yaƙi da shi a Coutras, na uku kuma ya nutse yana yaƙi da rundunarsa. Bai fito hannu wofi ba. Aka ba shi sandar Mashal na Faransa, da mulkin wani sashe na Languedoc, da kuɗi masu yawa.

Ajiyewa ta biyu

Yaƙi ya ƙare, amma Joyeuse bai koma gidan zuhudu ba. Ya shekara uku cikin daular fada, da barori da dawakai da liyafa, alhali kuwa shi firist ne. Wanda ya fito domin larura ya zauna domin daɗi. A 1597 ya aurar da 'yarsa ga Duc na Montpensier, ɗan jinin sarauta. A watan Afrilu na 1598 sarki ya sa hannu a kan Dokar Nantes, wadda ta ba Hugeno 'yancin lamiri da izinin sujada a wuraren da aka ƙayyade, ta kuma mai da hidimar Misa a inda aka hana ta.

Akwai labarin da marubutan Faransa suka daɗe suna bayarwa, cewa wata rana sarki da Joyeuse suna tsaye a bene, jama'a sun taru a ƙasa suna kallonsu, sai sarki ya zolaye shi da cewa mutanen sun zo kallon sarkin da ya sauya addini ne da ɗan zuhudun da ya tuɓe riga. An ce maganar ta soke shi har zuci. Ko mene ne ya farkar da shi, abin da ya biyo baya sananne ne. A ranar 8 ga Maris, 1599, Mashal na Faransa ya koma ƙofar nan ta titin Saint-Honoré, wadda ya fara shiga sama da shekara 11 da suka wuce, ya roƙa a karɓe shi.

A ganinmu wannan komawa ta fi shigarsa ta fari wuya. A 1587 saurayi ne mai makoki, duniya ta yaba masa. A 1599 mutum ne mai shekara 35, yana da izinin Paparoma a hannunsa, ba mai iya tilasta shi. Ya san za a yi masa dariya, an kuwa yi, har bayan mutuwarsa da shekara fiye da ɗari marubuci Voltaire yana yi masa ba'a a kan sauye-sauyensa. Komawar tana nufin amsawa a gaban ƙasa duka cewa wurin da yake zaune ba wurinsa ba ne.

Shekara tara da rabi da suka rage masa ya ba da su ga wa'azi da ja-gorar rayuka. Jama'a sukan cika majami'un Paris domin su ji tsohon Mashal, da ƙafa ba safa, yana magana a kan mutuwa da tuba da ƙaunar Allah. 'Yan'uwansa suka zaɓe shi shugaban lardin Paris. A cikinsu akwai Fada Benoît na Canfield, Baturen Ingila da ya shiga ƙungiyar a shekarar da Ange ya fara shiga, wanda koyarwarsa duka ta tattaru a kan abu guda, wato neman nufin Allah da barin nufin kai. Zamani ne na farkawa a birnin. Waliyi Faransis na Sales ya yi wa'azi a can a 1602, Madam Acarie kuwa ta yi ƙoƙari har aka kawo 'yan zuhudu mata na Karmel daga Sifen a 1604. Abin da shekara 36 na takobi suka kasa yi wa Ikilisiyar Faransa, addu'a da koyarwa da hidimar matalauta suka soma yi mata.

Ba mu ce Fada Ange ya zama mai ra'ayi irin na zamaninmu game da 'yan'uwanmu Furotesta ba. Ɗan zamaninsa ne har ƙarshe. Amma hannunsa bai sāke taɓa takobi ba.

A 1608 ya tafi Roma babban taron ƙungiyarsu, aka zaɓe shi cikin mashawartan shugaban ƙungiyar na duniya. A hanyar komawa zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a Rivoli kusa da birnin Turin a ƙarshen watan Satumba, yana da shekara 45. Aka kai gawarsa Paris, aka binne shi a majami'ar 'yan Kafucin ta Saint-Honoré.

Abin da ya rage mana

Gidan da ya haifi 'ya'ya maza bakwai bai bar magaji namiji ko ɗaya ba. Uku yaƙi ya ci, a ƙarshe kuwa aka zauna da sarkin da aka yi yaƙin domin a hana shi sarauta, aka kuma zauna da maƙwabtan da aka yi niyyar kawarwa. Sulhun da aka yi a 1598, da an yi shi tun da wuri, da uwaye da yawa ba su binne 'ya'yansu ba. Duk sa'ad da wani ya zo mana da cewa bangaskiya ba za ta tsira ba sai mun ɗauki makami, ko da mai maganar mutumin kirki ne, bari mu tuna da dattawan Toulouse, mu kuma tuna cewa a gonar Getsamani Ubangijinmu bai yarda Bitrus ya kāre shi da takobi ba.

Sa'an nan akwai maganar alkawari. Kowannenmu yana da nasa: na baftisma, na aure, na firistanci, na hidima a ikilisiyarsa. Da wuya mutum ya yar da alkawarinsa rana ɗaya. Yakan ajiye shi ne na ɗan lokaci, saboda wani dalili mai ƙarfi, sai dalilin ya wuce, shi kuwa bai dawo ba. Akwai a cikinmu wanda ya shekara biyar ko goma bai durƙusa a wurin furta zunubi ba, akwai wanda ya bar iyalinsa da sunan neman abinci, akwai wanda kunya kaɗai take hana shi shigowa majami'a ranar Lahadi. Fada Ange ya ji irin wannan kunya a gaban sarki da fadawa da birni duka, ya haɗiye ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa, aka kuwa buɗe masa. Mu kuma da muke ciki, idan irinsa ya ƙwanƙwasa, kada mu tsaya ƙidaya masa shekarun da ya yi a waje.

Allah ya ji ƙan Henri de Joyeuse da dukan waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen nan, Katolika da Hugeno. Ya ba mu hikimar rarrabe muryarsa da muryar fushinmu, ya kuma ba duk wanda ya yi nisa ƙarfin zuciyar komawa gida. Amin.